Atina, Birnin da Ya Mai da Abokansa Talakawansa

Daga ramin azurfa daular Atina ta fito. A shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu haƙa a Lawriyon, kudu da birnin, suka yi gamo da azurfa mai tarin yawa. Jama'a suka so a raba kowa ya ɗauki nasa, ɗan siyasa Temistokles ya ce a'a, a sassaƙa jiragen yaƙi. Jiragen nan, kowanne da matuƙa 170 a hawa uku, su suka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis bayan shekara uku. Sakayyar da aka yi wa Temistokles ita ce kora. Ya ƙare rayuwarsa a inuwar sarkin Farisa, yana mulkin garin Magnesiya.

Korar ma da tsarinta. Sau ɗaya a shekara, in jama'a sun yarda, kowa ya ɗauki tsingaron tukunya ya kankara sunan wanda ya ishe shi. Wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10, ba tuhuma ba shari'a, dukiyarsa kuma ba mai taɓawa. Masu tonon kayan tarihi sun samu irin wannan tsingaro kimanin 190 a wata rijiya, duk da sunan Temistokles, amma da aka duba rubutun sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal. Ashe shirya ƙuri'a tun daga gida ba yau aka fara ba.

Da biranen Girka suka ƙulla ƙawance da Atina a 478 don tsare kansu daga Farisa, dunƙulen ƙarfe suka jefa cikin teku: alkawari na nan sai ranar da ƙarfen ya taso. Tsibirin Naksos ne ya fara gane ba wasa ake ba. Ya ce ya fita, aka kewaye shi da jirage har ya durƙusa. Tasos ma ta gwada, aka rushe ganuwarta aka kwashe jiragenta.

Baitulmalin ƙawancen a tsibirin Delos yake, harajin farko talanti 460 a shekara, talanti ɗaya kuwa kusan kilo 26 ne na azurfa. A 454 aka ɗauke shi zuwa Atina, wai don tsaro. Uwar adashi ce ta kai kuɗin zubi ɗakinta ta ce a nan ya fi kwanciyar hankali. Bayan shekara bakwai aka soma ginin haikalin Fartenon, abokan hamayyar Perikles, jagoran Atina, suna ta ƙorafin cewa da kuɗin abokai yake yi wa birni kwalliya. Gunkin da ke ciki an lulluɓe shi da zinariya fiye da tan ɗaya, an kuma yi ta yadda za a iya ɓalle ta in yaƙi ya ci kuɗi.

Yaƙin ya zo a 431, da Sparta. Perikles ya tattaro mutanen ƙauye ya cusa su cikin ganuwa, wadda ta miƙe kimanin kilomita 6 har tashar jiragen Piriyus. Shekara na zagayowa annoba ta faɗa wa cunkoson. Ta ɗauke 'ya'yansa maza biyu, ta ɗauke shi a 429. Tukidides, wanda ya rubuta tarihin yaƙin, ya kamu ya warke.

Labarin Mitilene shi ya fi nuna halin majalisar Atina. Birnin ya yi tawaye, aka murƙushe shi a 427. Cikin fushi majalisa ta yanke a kashe duk namiji baligi, mata da yara a sayar, aka tura jirgi da umarnin. Gari na wayewa zukata suka yi sanyi, aka sake zama, aka soke hukuncin da ƙyar. To amma jirgin farko ya ba su ratar yini da kwana, tafiyar kuma ta fi kilomita 300. Aka saki na biyu. Wakilan Mitilene suka cika shi da guzuri, suka yi wa matuƙa alkawarin tukwici mai tsoka. Matuƙan nan ba su ajiye filafili don cin abinci ba: garin sha'ir aka kwaɓa musu da mai da ruwan inabi suna ci suna tuƙi, barci kuwa bi da bi. Jirgin farko shi kuma ba ya sauri, don ba mai ɗokin kai irin wannan saƙo. Suka iso kwamandan Atina ya gama karanta umarnin kisa ke nan. Garin ya tsira, ko da yake an kashe kimanin mutum 1,000 da aka ce su ne kanwa uwar gami.

Tsibirin Melos bai samu jirgi na biyu ba. A 416 ya ce shi ba ya bayan kowa, aka kashe mazansa aka bautar da sauran.

A 415 aka tura jirage 134 su ci Sirakus a tsibirin Sisiliya. Ɗaya daga cikin kwamandojin, Alkibiyades, aka kira shi gida ya amsa tuhumar wulaƙanta addini, sai ya zarce Sparta ya zama mai ba su shawara. Da al'amura suka dagule a Sisiliya aka shirya janyewa, sai ga husufin wata a daren 27 ga Agusta, 413. Masu duba suka ce a dakata kwana 27, kwamanda Nikiyas ya yarda. Kafin nan an toshe bakin tashar. Aka murƙushe rundunar Atina, fursunoni aƙalla 7,000 aka zuba cikin ramukan fasa dutse. Marubuci Fulutark ya ruwaito cewa wasu sun samu 'yanci don sun haddace waƙoƙin Yuripides, wanda mutanen Sisiliya ke so ƙwarai.

Fulutark ne kuma ya ce labarin wannan asara ya iso gida ta bakin wani baƙo da ya zauna aski a Piriyus. Wanzamin ya ruga cikin gari yana shela, hukuma ta ɗaure shi ana gana masa azaba don yaɗa jita-jita, har manzanni suka iso suka tabbatar.

A 406 Atina ta ci babban yaƙin ruwa a Arginusai, sannan ta kashe shida daga cikin kwamandojin da suka ci mata shi, don guguwa ta hana su ceto waɗanda jiragensu suka nutse. Har da ɗan Perikles da annoba ta bari. Masanin falsafa Sokrates ya ƙi yarda a yi musu hukuncin taron dangi, ba a saurare shi ba. A ganina wannan ya fi husufin wata wauta.

Shekara ɗaya bayan haka Lisanda na Sparta, da jiragen da kuɗin Farisa suka biya, ya tarar da rundunar Atina a gaɓar Egospotami, matuƙa sun watse neman abinci. Ya kame kusan jirage 170. Yunwa ta sa birnin ya miƙa wuya a 404. Korinti da Tebes, ƙawayen Sparta, suka ce a shafe shi, Sparta ta ƙi. Aka bar masa jirage 12, aka rushe ganuwarsa 'yan mata suna busa sarewa.

A 1996 magadan garin Atina da Sparta suka zauna suka sa hannu a takardar sulhu, shekara kusan 2,400 da gama yaƙin.