Tsohon Direba da Sabuwar Taswira a Jirgin Ruwa

Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma jirgin ruwan da yawancinmu muka sani bai wuce na shaƙatawa a tafkin Rayfield ba, ramin da haƙar kuza ta bari. Duk da haka, ciwon kan da ke damun masu jirage a Legas da Fatakwal, kai har Turai da Amurka, duk wanda ya saba shiga motar haya daga Jos zuwa Akwanga ya san irinsa.

Ga dattijon direba, ya tsufa yana gangara Hawan Kibo, hannunsa ya san kowace kwana. Ga fasinja da waya, taswira tana ta zuba Turanci, dattijo kuwa ba ya ji. Wa zai ce a sauke shi saboda haka? Yaron mota ne zai leƙo ya ce, "Baba, ta ce gaba kaɗan a yi hannun dama." Shi ke nan, tafiya ta miƙa.

Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ita ce wannan dattijo. Tana da kamfas, da 'yar kwamfuta, da famfon mai ko ƙaramin inji mai juya akalar jirgi. Kaya ne masu tsada da ƙarko, sukan yi shekara ashirin suna aiki. Allon taswira kuwa saurin tsufa gare shi. Mai jirgi zai sayo sabo na Garmin ko Simrad ko Raymarine, ya zo haɗawa, sai ya tarar ko bakin wayoyin bai zo ɗaya ba.

Tsofaffin na'urori da harshen NMEA 0183 suke magana, wanda ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka ta fitar a 1983. Waya biyu ce, mai magana ɗaya, saura su saurara, saƙo yana tafiya a jimla-jimla, ɗigo 4,800 a daƙiƙa. Wasu kuma SeaTalk suke ji, harshen gida na kamfanin Autohelm da ya koma Raymarine. Sabbin alluna sun koma NMEA 2000: kebul guda kowa ya jona, ɗigo 250,000 a daƙiƙa, bisa tsarin CAN da Bosch ya ƙirƙiro wa motoci.

Yaron motar a nan ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, irin NGW-1 na Actisense, ko wanda Raymarine ta yi don haɗa tsohon SeaTalk da sabo. Na Actisense yana karɓar saƙon allo ya mayar da shi jimlar NMEA 0183 da ake kira APB, wadda ke gaya wa na'urar tuƙi inda aka nufa, da yawan kaucewar jirgi daga layi, hagu ko dama. Iyakar abin da take bukata ke nan. Ni dai ina ganin zubar da na'ura mai lafiya don rashin wannan akwati almubazzaranci ne, balle a ƙasar da yawancin kayanmu na hannu ne, dala kuma ta yi tashin gwauron zabi.

Sai dai tafinta yana da iyaka, kuma a nan ne ake yin asara. Yaron mota zai faɗi hanya, amma ba shi zai taka birki ba. Haka akwatin: sau da yawa ba za ka iya kunna tsohuwar na'ura ko kashe ta daga sabon allo ba, domin kowane kamfani ya ɓoye wannan umarni a harshensa. Dole a bar tsohon maɓallinta inda hannu zai kai da sauri. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne batun arewa. Akwai arewar taswira, akwai ta maganaɗisu da kamfas ke nunawa. In allo ya aiko da ɗaya, na'ura ta ɗauka ɗayar ce, jirgi zai riƙa karkata sannu a hankali, ba ƙara ba gargaɗi, alhali kowa na ganin komai daidai.

Sauran kurakuran na wayoyi ne: a juya ta aikawa da ta karɓa, ko a manta toshe bakin kebul biyu da 'yan marufai masu om 120. Shi ya sa gogaggun masu gyara ba sa sallamar aiki a bakin gaɓa. Sukan fita sarari da rana tsaka, inda babu jirage kusa, su sa zango biyu ko uku a allo, mutum ɗaya na tsaye hannunsa kan sitiyari, su ga ko na'urar za ta yi ƙara ta nemi izini kafin ta sha kwana.