Wa Ya Halatta a Bautar? Fatawar Malamai da Ikon Sarakuna a Iyakar Jibiya

Matafiyin da ya ƙetare iyakar Jibiya zuwa Maraɗi yana ratsa ƙasar da ta daɗe tana tsakanin sarauta biyu masu gaba da juna. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsoffin sarakunansa ta kafu a Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari ana kama mutane. A nan ne mas'alar bauta ta fita daga littafi ta faɗa kan wuyan talaka.

A wajen fuƙaha'u, asalin ɗan Adam 'yanci ne. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu, cikin Mi'irajus Su'ud, ya tabbatar cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya kuma lissafa Katsina da Kano cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya nanata cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da Musulmi mai 'yanci haramun ne bisa ijma'i.

Sai dai hukuncin ya rataya a kan wata tambaya: wane ne Musulmi, kuma wa ke da ikon tantancewa? A kan wannan Shehu Laminu na Barno ya ƙalubalanci Muhammadu Bello cikin wasiƙun da Infaƙul Maisuri ya adana. Laminu ya kafa hujja da cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Malaman Sakkwato suka amsa cewa jiɓintar kafirai a kan Musulmi yana fitarwa. A fagen yaƙi kuwa, mai takobi ke yanke wa kamamme hukunci kafin alƙali ya ji labarinsa.

Turawa ma maslahar mulki suka bi. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar, amma ta bar sauran bayi su nemi 'yanci ta murgu da fansa a kotunan alƙalai, don gudun ɓata wa sarakuna. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Nijar kuwa ta sanya ta cikin laifukan da ake hukuntawa a 2003.

Darasin shi ne, fatawa ba ta kare rai sai ta sami shugaban da zai tsaya mata ko da ta saɓa wa maslaharsa. A yau da ake sace mutanen ƙauyukan Jibiya ana neman kuɗin fansa, hadisin Bukhari da ya sanya mai sayar da mutum mai 'yanci cikin waɗanda Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama hujja ne a kan ɓarayin, amana ce kuma a wuyan masu mulki. Allah ne Mafi sani.