Limamin Da Ya Ƙi A Jingina Addini Da Lissafinsa

A shekarar 1927 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, wanda kuma malamin kimiyya ne a Jami'ar Louvain, ya buga wata takarda inda ya nuna cewa sararin samaniya kullum faɗaɗa yake yi, watau manyan gungun taurari suna ta nisantar juna. Da lissafin Albert Einstein ya yi wannan aiki. Amma da suka sadu a cikin shekarar, sai Einstein ya ce lissafin dai daidai ne, ma'anar da aka fitar ce ba ta karɓuwa.

A 1929 Edwin Hubble ya bayyana awon da ya yi da babban madubin hangen taurari a Amurka, aka ga lalle gungun taurarin nisa suke ƙarawa. Einstein, duk da girman sunansa, ya sauko ya amince a 1931. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A wannan shekara Lemaître ya ƙara da cewa in ana faɗaɗa, ashe a can farko kome a dunƙule yake wuri guda.

Tasa jarrabawar ta zo a 1951, lokacin da Fafaroma Pius XII ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike shaida ne ga halittar duniya. Wani ne da sai murna, amma limamin bai ji daɗi ba. A ganinsa binciken kimiyya abu ne da ake iya gyarawa gobe in sabuwar hujja ta ɓullo, wanda kuwa ya ɗora imaninsa a kai, ranar da aka gyara sai imanin ya girgiza. Da Fafaroma ya yi wa masana taurari jawabi a 1952, bai sake kafa hujja da binciken ba.

A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana gano sauran ɗumin wancan mafari ko'ina cikin samaniya. Labarin ya iske Lemaître kafin rasuwarsa a 1966.

To, ɗalibai da ma'aikata, abin lura shi ne masani ya janye ra'ayinsa da hujja ta zo, limami kuma ya ƙi karɓar yabon da ya wuce hujjarsa. Mai shiga muhawarar addini da kimiyya, sai ya fara auna iyakar saninsa kafin ya buɗe baki.