Maigadi Mai Jerin Sunaye: Ko Zai Iya Tsare Kwamfutar Gida?

Sanin kowa ne, 'yan'uwa masu karatu, cewa kwamfuta ta zama kayan ɗaki a gidajenmu da yawa. A cikinta ɗalibi yake ajiye aikinsa na kammala karatu, mai shago yake ajiye lissafinsa, uwargida kuma take ajiye hotunan bikin 'ya'yanta. Idan ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga ta lalata waɗannan, ko ta kulle su ta ce sai an biya fansa, ba a sayo madadinsu a kasuwa. Saboda haka muka ga ya dace mu duba wata hanyar tsaro da ake yabawa ƙwarai, watau tsaro ta jerin amintattu, mu ga iyakar abin da za ta iya yi wa mai kwamfuta a gida.

Manhajar riga-kafi da muka saba da ita tana aiki ne kamar maigadin da aka ba hotunan sanannun ɓarayi. Duk wanda ya zo ƙofa sai ya duba fuskarsa, in ba ya cikin hotunan sai ya ce masa bismilla. A da wannan ya wadatar. Lokacin da ƙwayar Brain ta ɓullo daga birnin Lahore na Pakistan a 1986, tana bin faifan fulofi daga hannu zuwa hannu, ana iya ƙirga irin waɗannan cututtuka da yatsu. Yanzu kuwa cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Jamus ta ce a shekarun nan takan rubuta sababbin miyagun manhajoji da waɗanda ba a so fiye da 450,000 a kowace rana. Ko da shi ke masu riga-kafin sun ƙara dabarar lura da ɗabi'ar manhaja bayan duba kamanninta, har yanzu ƙa'idarsu ɗaya ce: kowa ya shiga, sai wanda aka kama da alamar laifi.

Jerin amintattu ya juya wannan ƙa'ida. An ba maigadi sunayen mutanen gida da baƙin da aka gayyata, wanda babu sunansa ba ya shiga, ko da fuskarsa ta salihai ce. Kwamfuta tana gane manhaja ta hanyoyi uku. Akwai lambar da ake lissafowa daga jikin fayil ɗin kansa, mai kama da zanen yatsa, wadda takan sauya gaba ɗaya idan aka taɓa ko harafi guda. Akwai hatimin kamfanin da ya ƙera manhajar. Akwai kuma wurin da aka ajiye ta a cikin kwamfutar, wanda shi ne mafi rauni, gama duk wanda ya sami ikon ajiye kaya a wannan wuri ya sami izinin shiga ke nan.

Manyan hukumomi sun daɗe da amincewa da wannan hanya. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da littafin jagora a kanta a 2015, hukumar tsaron sadarwa ta Ostareliya kuma ta sa ta cikin matakai takwas da ta shawarci ofisoshi su ɗauka a 2017. Kamfanin Microsoft ya sa AppLocker cikin Windows 7 tun 2009, amma domin ma'aikatu masu injiniyansu. Masu gida sun fara ɗanɗana abin ne da Gatekeeper na Apple a 2012, sai Windows 10 S a 2017, wadda ba ta karɓar manhaja sai daga shagon Microsoft, sa'an nan Smart App Control cikin Windows 11 a 2022. Akwai kuma kamfanoni irin su PC Matic na Amurka da suke sayar wa iyalai irin wannan tsaro.

To, yana aiki? A kan baƙon mugu yana aiki sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cututtuka da yawa da ke kama kwamfutar gida suna zuwa ne a matsayin sabon fayil da wani ya latsa: wasan da yaro ya sauko da shi kyauta, ko abin da aka maƙala a imel aka ce takardar ɗaukar aiki ce. Mugun yakan sauya kamannin fayil ɗinsa sau dubu domin ya ɓace wa riga-kafi. A gaban jerin amintattu wannan wahala ce ta banza, domin kowace sabuwar kama baƙuwa ce, baƙo kuwa ba ya shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan mugun ya shigo cikin rigar ɗan gida. A 2017 waɗansu suka kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Piriform mai yin CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta da mutane da yawa a nan ma suka sani, suka cusa mugun abu a cikinta kafin a buga mata hatimi. Daga tsakiyar watan Agusta zuwa tsakiyar Satumba mutane wajen miliyan 2.27 suka sauko da ita daga hannun kamfanin kansa, da hatiminsa na gaskiya. Maigadin da yake duba hatimi kaɗai ba shi da dalilin tsayar da ita. A watan Yuni na shekarar kuma haka cutar NotPetya ta bazu daga ƙasar Yukren, ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc wadda masu ita suka amince da ita.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan kusa da mu. Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya dawo ya tarar jakunkunansa sun ɓace, sai waɗansu gajerun alamomi a madadinsu, ya san cutar da muke nufi. Sau da yawa ita ba cikakkiyar manhaja ba ce. 'Yan layukan umarni ne da take miƙa wa wani ma'aikacin Windows na halal ya aiwatar mata. Ma'aikacin yana cikin jerin amintattu, gama kwamfutar kanta tana bukatarsa. Haka ake yi da PowerShell, haka kuma aka daɗe ana yi da ƙananan umarnin da ake ɓoyewa cikin takardun Word da Excel, har Microsoft ta toshe na takardun da suka fito daga intanet a 2022. Tun 2024 kuma aka yawaita wata yaudara inda shafin intanet zai ce wa mutum ya tabbatar shi ɗan Adam ne ta hanyar kwafar wani rubutu ya liƙa a akwatin umarni na Windows. Mai gida ne da hannunsa yake aika ɗan gida ya yi ɓarna. Saboda haka mai sayen irin wannan tsaro ya tambaya ko yana sa ido a kan rubutattun umarni, ko kuwa manhajoji kaɗai yake dubawa. Wanda bai sa ido a kansu ba, a ganinmu, rabin maigadi ne.

Ban da haka, jerin amintattu ba ruwansa da wanda ya rubuta kalmar sirrinsa ta banki a shafin bogi, ko ya karanta wa wani lambobin katinsa ta waya. A nan ba wata manhaja da ta shiga, balle a hana ta.

Babbar wahalar a gida ita ce wa zai riƙe jerin. A ofis akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan. A gida kuwa ranar da aka sayo tsohuwar firinta aka ga maigadi ya hana manhajarta shiga, ko ya tare wata ƙaramar manhajar makaranta da ba ta da hatimi, sai haushi ya kama mai gida. Idan tsaron yana tambayar izini, mutum yakan saba da latsa amincewa har ya daina karanta abin da aka tambaye shi. Idan ba ya tambaya, sai a kashe shi ɗungum. Smart App Control, yadda aka fito da shi a 2022, ba ya barin a keɓe wa manhaja guda izini, wanda ya kashe shi kuma sai ya sake ɗora Windows kafin ya kunna.

Mu kuma faɗa wa juna gaskiya. Kwamfutocinmu da yawa na hannu ne, kuma mai gyara ne ya cika su da manhajojin da aka fasa makullinsu ba a biya ba. Irin waɗannan an taɓa jikinsu, hatiminsu ya lalace, tsaron kirki kuwa ba zai karɓe su ba. Wanda ya tilasta masa karɓarsu ya rubuta sunan wanda bai sani ba a jerin 'yan gida. Waɗansu kwamfutocin ma Windows 10 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma babu Smart App Control a cikinta. Toshe ɓaraka aiki ne dabam da tsaron ƙofa: cutar WannaCry da ta durƙusar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta bi ta ramin da Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe shi tun watan Maris.

Gidan da wannan tsaro ya fi dacewa da shi shi ne wanda bukatunsa ba sa sauyawa: kwamfutar dattijo mai rubuta wasiƙu da karanta labarai, ko ta yara masu aikin makaranta. A irin wannan gida ko ba a kashe kwabo ba ana iya yin abu mai kama da shi. A buɗe wa yara nasu asusun marar ikon ɗora manhaja, iyaye su riƙe kalmar sirrin babban asusun, a kuma saita Windows ta karɓi manhaja daga shagon Microsoft kaɗai. Aikin ɗalibi da hotunan iyali kuwa a kwafe su a wani faifai dabam, a zare shi daga jikin kwamfutar a sa a akwati, domin cutar da ke kulle fayiloli takan kulle har da na faifan da ta tarar a jone.