Rushe Ƙananan Hukumomi: Hanyoyinsa da Abin da Yakan Bari a Baya

1.0 Gabatarwa

A ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Daga cikin matakan farko da gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta ɗauka a 1984 har da soke dukan ƙananan hukumomin da jihohi suka ƙirƙiro a zamanin Jamhuriya ta Biyu. Da wannan umurni ƙananan hukumomi fiye da 700 suka koma 301, watau adadin da aka san su da shi bayan gyaran 1976, garuruwa fiye da 400 kuma suka wayi gari ba su da matsayin hedikwata. Amma shekara 12 kacal bayan haka, a 1996, sai ga adadin ya kai 774.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake rushe ƙaramar hukuma, da ayyukan da kan biyo baya, da kuma dalilin da ya sa rushewar 1984 ba ta ɗore ba. Abin da za a nuna shi ne, sa hannu a kan doka shi ne mafi sauƙin aikin. Wuyar tana wajen rabon gadon hukumar da aka rushe, da samun yardar mutanen da ke ƙarƙashinta.

2.0 Ma'anar Rushewa

Kalmar "rushe" daga harkar gini aka aro ta, kuma a bakin ma'aikata da 'yan jarida takan ɗauki ma'ana biyu waɗanda ya kamata a rarrabe. Ta farko ita ce rushe majalisa, watau a sallami ciyaman da kansiloli, a naɗa kantoma ko kwamitin riƙo, alhali ita hukumar tana nan da sunanta da iyakarta da baitulmalinta. Irin wannan aka yi a Jamhuriyar Nijar a watan Afrilu 2024, lokacin da gwamnatin soja ta sallami zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa masu riƙo. Ta biyu ita ce rushe hukumar kanta, a shafe sunanta daga littafin doka, a mayar da ƙasarta da jama'arta ƙarƙashin wata. A ta farko masu gida aka fitar, gidan yana tsaye. A ta biyu gidan ne aka baje. Ma'ana ta biyu ita ce abin nufi a nan.

Har ila yau, ita ma wannan ta kasu biyu. Akwai haɗewa, inda hukumomi biyu ko fiye za su narke su zama sabuwa guda mai sabon suna. Akwai kuma mayarwa, inda ƙarama za ta koma cikin babbar da aka ciro ta daga jikinta. Abin da ya faru a Nijeriya a 1984 mayarwa ce.

3.0 Abin da Ya Kawo Rushewar 1984

Kafin 1976 kowane sashe na ƙasar nan yana da nasa tsarin. A Arewa an gaji tsarin En'e, wanda sarki ke bisa kansa, hakimai da dagatai suna tattara haraji da jangali suna kai wa baitulmali. Gyaran 1976, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta zartar, shi ya kawo tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ya kuma ƙayyade cewa ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000. Hikimar wannan ƙa'ida ita ce kada hukuma ta yi ƙanƙantar da za ta kasa riƙe kanta, kada kuma ta yi girman da talaka zai kasa kaiwa gare ta.

Da aka koma mulkin farar hula, sai tsarin mulkin 1979 ya ɗora alhakin kafa ƙananan hukumomi da tsara su a kan jihohi. Nan fa ƙofa ta buɗe. Kowace gunduma mai hakimi ta ga ita ma ta isa, kowane ɗan siyasa kuma ya ga babu alkawarin da ya fi "za mu ba ku ƙaramar hukuma" saurin jawo ƙuri'a. Galibin gwamnoni suka sallami zaɓaɓɓun majalisu suka naɗa kwamitocin riƙo na magoya bayansu, suka shiga yanka hukumomi gida biyu, gida uku, ba tare da kula da ƙa'idar yawan jama'a ba.

Ana cikin haka hanyoyin samun kuɗi suka tsuke. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, waɗanda su ne ginshiƙin baitulmalin En'e tun zamanin Turawa. Dokar rabon arzikin ƙasa ta farkon shekarun 1980 ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100, amma farashin man fetur ya faɗi, har gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Kuɗin da dā hukuma ɗaya ke kashewa sai ya zama na uku, kowacce kuwa tana bukatar sakatare da ma'aji da mota da ofis. Sakamakon haka malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. Wannan ita ce hujjar da sojoji suka kafa.

4.0 Matakan Rushewa

A duk inda aka rushe ƙaramar hukuma, akwai al'amura biyar da tilas a warware.

Na farko shi ne doka. Hukuma da doka aka kafa ta, da doka kuma ake kashe ta. Dole dokar ta ambaci ranar da hukumar za ta daina aiki, da sunan wadda za ta gaje ta, da makomar ƙananan dokokin da ta yi, alal misali na kasuwa da mahauta da tashar mota. In ba a yi haka ba, sai a sami gari ɗaya da kuɗin rumfa iri biyu.

Na biyu shi ne ma'aikata. Hukumomi uku da suka koma ɗaya suna da sakatare uku da ma'aji uku, kujera kuwa ɗaya ce. Manyan ma'aikata suna da sauƙi, domin tun gyaran 1976 suna ƙarƙashin hukumar jiha mai kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wadda ke da ikon yi masu canjin wurin aiki. Masu shan wahala su ne ƙanana, irin su masinja da direba da maigadi da leburori, waɗanda ita hukumar da kanta ta ɗauka. Su ake fara sallama, kuma su ne fayil ɗinsu ya fi saurin ɓata, ranar neman fansho a rasa shaidar shekarun da suka yi.

Na uku shi ne dukiya da bashi. A nan al'amarin ya yi kama da rabon gado: ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ke kansa. Wajibi ne a ƙididdige gine-gine da motoci da kuɗin banki, a kuma ƙididdige albashin da ba a biya ba da haƙƙin 'yan kwangila. Hukumar da ta gaji sakatariya ita za ta gaji bashin sumuntin da aka gina ta da shi. Idan aka bar tazara tsakanin ranar sanarwa da ranar ƙidaya, a cikin wannan tazara ne kujeru da injin ban-ruwa da tayoyin mota sukan yi ƙafa.

Na huɗu shi ne takardu. Ƙaramar hukuma ita ke ba da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, wadda ɗalibi ke bukata wajen neman makaranta da aiki. Bisa dokar filaye ta 1978 kuma, ita ke ba da izinin mallakar gona da fili a karkara. Manomin da ke riƙe da takarda mai hatimin hukumar da babu ita yana bukatar doka ta faɗa a fili cewa takardarsa tana nan da ƙarfinta, rajistar da aka rubuta sunansa kuma ta isa hannun magajiya lafiya.

Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne garin da aka raba da hedikwata. Zaman hedikwata yakan jawo ma'aikata masu haya, da masu sayar da abinci, da motocin haya, da ɗan asibiti. Ranar da ofis ya tashi, duk waɗannan sukan bi shi. Ban da hasarar ciniki akwai ta daraja, domin mutanen gari sukan ɗauki abin a matsayin an mayar da su ƙarƙashin maƙwabtan da suka daɗe suna jayayya da su. Wannan miki ba ya warkewa da wuri.

5.0 Dalilin da Ya Sa Ba Ta Ɗore Ba

Gwamnatin soja ta naɗa kantomomi, ta kuma kafa kwamiti a 1984 a ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Dasuki, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi, domin ya duba tsarin. Kwamitin ya goyi bayan a tsaya a kan tsarin 1976. Duk da haka ba a je ko'ina ba sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙara yawansu a 1989, ta sake ƙarawa a 1991 har suka kusa 600, sa'an nan gwamnatin Janar Sani Abacha ta kai su 774 a 1996.

Dalili biyu ne suka jawo haka. Na ɗaya, ba a tambayi jama'a ba. Sanarwa kawai suka ji a rediyo, saboda haka suka ɗauki abin a matsayin ƙwace, suka zauna jiran ranar da za a mayar masu. Na biyu, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Muddin daga asusun tarayya ake raba kuɗi, kuma kowace hukuma tana da kason da take samu don kasancewarta hukuma kurum, to, yankin da ya rabu biyu ya fi wanda ya zauna a dunƙule samu. Kason ƙananan hukumomi ma ƙaruwa ya yi, daga kashi 10 zuwa 15, zuwa 20 a 1992. Wanda aka ce ya haɗe da maƙwabcinsa alhali rabuwa ce ke kawo kuɗi, ba zai ga hikimar haɗewar ba.

6.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ƙasar Denmak ta rage ƙananan hukumominta daga 271 zuwa 98 a ranar 1 ga Janairu 2007. Gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin yawan jama'a, sa'an nan ta bar wa kowace hukuma ta zaɓi wadda za ta haɗe da ita. An zaɓi sababbin majalisu tun a ƙarshen 2005, suka yi shekara guda suna shirya rabon ma'aikata da dukiya kafin ranar haɗewa. A Japan kuwa adadin ya sauko daga 3,232 a 1999 zuwa 1,727 a 2010. Can gwamnati ta yi wa masu haɗewa alkawarin ba za a rage masu kasonsu ba har shekara 10, watau ta sa riba ta koma wajen haɗewa, garuruwa da yawa kuma suka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a.

Ko a waɗannan ƙasashe ba a sami duk abin da aka zata ba. Binciken da aka yi a Denmak ya nuna kuɗin gudanar da ofis ya ragu, amma jimillar abin da ake kashewa ba ta sauya sosai ba. A Japan kuma ƙauyukan da ke nesa da sabuwar hedikwata sun koka cewa an manta da su. Sai dai haɗewar ta zauna, ba a koma an warware ta ba.

7.0 Matsayin Doka a Nijeriya

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙananan hukumomi 768 na jihohi da 6 na Abuja, ya kuma jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 8 ya shimfiɗa hanyar ƙirƙiro sabuwa, wadda ta haɗa da ƙuri'ar raba-gardama da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisar jiha, amma bai shimfiɗa hanyar sokewa ba. Tun da sunayen suna cikin tsarin mulki, cire ɗaya yana bukatar gyara shi, watau amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ko canja sunan ƙaramar hukumar Kunci ta Jihar Kano zuwa Ghari sai da aka bi wannan doguwar hanya, aka sa hannu a 2023.

Ƙari ma ya yi wuya. Jihar Legas ta ƙirƙiro 37 a kan 20 da take da su, gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta a 2004. A watan Disamba na wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su. Daga baya aka mayar da su yankunan raya ƙasa. Game da rushe majalisa kuwa, a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa gwamna ba shi da ikon sallamar zaɓaɓɓu ya naɗa kwamitin riƙo.

8.0 Kammalawa

An ga cewa rushe ƙaramar hukuma aiki ne mai matakai: doka, da ma'aikata, da dukiya da bashi, da takardu, da makomar garin da aka raba da hedikwata. An kuma ga cewa rushewar 1984 tana da hujja ta fuskar kuɗi, amma ta warware domin ba a nemi yardar jama'a ba, ba a kuma gyara tsarin rabon da ke sa kowa son nasa ba. Duk ranar da aka sake tayar da maganar rage ƙananan hukumomi, ma'aikacin da aka ɗora wa aikin ya kamata ya fara da tambaya uku: wa zai biya bashin, ina fayilolin za su koma, kuma me mutanen wurin suka ce? In babu amsarsu, da muguwar rawa gara ƙin tashi.