Yanar Gizo: Jiya, Yau da Gobe

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi mana ɗan bayani a kan yanar gizo, gama yaran da za mu tarar a aji sun riga sun san ta.

A zamanin kakanninmu, in mutumin Gwantu yana so ya aika labari nesa, sai ya rubuta wasiƙa a kai ta Kafanchan, jirgin ƙasa ya ɗauka. Amsa kuwa sai an yi makonni.

A shekarar 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara hanyar haɗa shafi da shafi ta cikin intanet, kamar yadda gizo-gizo ke saƙa. A 1993 aka sake ta kyauta ga kowa. Da fari mutane kaɗan ne ke rubutawa, saura sai karatu. Sa'an nan wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, Facebook ya fito a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Daga nan kowa ya zama marubuci, watau kowa da jaridarsa a aljihu.

Amfanin wannan ba ya ɓoyuwa. Manomin citta yana iya jin farashin Kafanchan tun bai ɗaura buhu ba. Amma akwai ɓarna. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bi wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da yawa suka yi, waɗansu har suka kwanta asibiti.

To, gobe fa? Yanzu akwai na'ura mai kwaikwayon basirar mutum, wadda ke iya ƙaga hoto da murya, a ga mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. Dā mukan ce gani ya kori ji. Nan gaba gani kaɗai ba zai isa ba. A ƙasarmu, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya, hoton ƙarya guda yana iya ƙone unguwa.

Saboda haka a ganina aikinmu ya ƙaru. Bayan karatu da lissafi, lalle mu koya wa yara tambayoyi uku kafin su tura saƙo: Wa ya faɗa? Yaushe aka yi? Wa zai cutu in ƙarya ne? Yaron da ya saba da waɗannan a aji huɗu, ba za a ruɗe shi da sauƙi ba in ya girma.