Hayaƙin Tsohuwar Peugeot 504: Kafin a Ce a Sauke Inji

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 504 a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. An daina ƙera ta a can a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har gobe akwai masu riƙe da ita, wasu don sha'awa, wasu don neman abinci. Kukan da suka fi kai wa gareji kuma shi ne salansa tana hayaƙi.

Amsar da suka fi samu ita ce, "Sai an yi ringi." Wani sa'in haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa gaggawa ce, domin gogaggen bakanike ba ya taɓa sifana sai ya tambayi launin hayaƙin da lokacin da yake fita.

Baƙin hayaƙi shi ne mai sauƙin magani. Fetur ne ya yi wa iska yawa, bai ƙone duka ba. A ƙasar da hunturu ke tulo ƙura, matatar iska ce abin tuhuma na farko: ta toshe, inji ya rasa numfashi. Bayan ita sai cok da ya maƙale, sai allurar kafireta da ta daina rufe mai idan kwanon ya cika. Fulogi yakan ba da shaida, a ciro shi baƙi ƙirin, busasshe, da kunkunniya. Duk wannan aikin yini guda ne.

Shuɗin hayaƙi mai ƙauri shi ne alamar baƙin mai ya shiga inda fetur ke ƙonewa, kuma a nan ake yawan cutar mai mota. Hanya biyu man ke bi. Idan hayaƙin ya turnuƙe da safe da an tayar da inji sannan ya lafa, ko ya ɓullo bayan an gangaro tudu ba a taka totur ba, daga sama yake zurarowa: robobin bawul sun bushe, ko bututun da bawul ke kai-komo a ciki ya cinye. Idan kuwa yana ƙaruwa ne duk sanda aka ba ta wuta, musamman da kaya a hawan tudu, daga ƙasa yake, ringin fistin ya gaji.

Akwai gwajin da ke raba gardama. A kwance fulogi huɗun duka, a sa ma'aunin matsi a kowace silinda, a murɗa makulli totur a buɗe, a rubuta abin da ya nuna. Wadda ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, a zuba mata baƙin mai kamar cokali ɗaya a sake aunawa. In matsin ya tashi, man ya toshe giɓin ringi na ɗan lokaci, laifin nasa ne. In bai motsa ba, a nemi matsalar a bawul ko gasket. Abin takaici, garejoji da yawa ba su ajiye wannan ɗan ma'aunin ba, alhali kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Kafin ma a kai nan, ya kamata a duba ko man da aka zuba ya haura ƙa'ida, ko tiyon da inji ke fitar da tururin mai ya toshe, don kowannensu yana sa lafiyayyen inji hayaƙi.

Fari kuma iri uku ne. Wanda ke fita da sanyin safiya ya ɓace cikin 'yan mintoci raɓa ce kawai. Wanda ya ƙi tsayawa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto na raguwa, kumfa na tasowa a bakinsa, man inji ya koma kalar shayi da madara, wannan gasket ne ya ƙone. Kan injin 504 na alminiyam ne a bisa gangar jiki ta ƙarfe, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Ruwan rijiya tsura da ake ɗurawa shekara da shekaru shi ma yana cin sa ta ciki. Wanda ya sa sabon gasket bai kai kan an auna an goge ba, zai dawo. Wani farin hayaƙin ma ba na ruwa ba ne: in man birki na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, mai yiwuwa inji ne ke zuƙe shi ta tiyon da ya haɗa shi da tukunyar birki.

In har ta tabbata ringi ne, 504 tana da rangwame. Silindojinta hannayen riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye, don haka ba sai an kai gangar jikin wajen masu injin yanka ba; ana sayen sababbi haɗe da fistin da ringi, irin kayan da ake nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai duk sanda aka ɗaga kan injin, dole a danne hannayen rigar da ƙarfe kafin a juya injin. In suka motsa, hatimin da ke gindinsu zai saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, a rufe inji da sabuwar matsalar da bai zo da ita ba.